Kwana 19 taraktata na kwance a gonar mutane, dila yana ce mini in ƙara haƙuri

Ruwa na uku ke nan da ya sauka a wajenmu, ƙasa ta yi laushi, kowa yana neman a yi masa haro, wato a buga masa ƙasa da tarakta, kafin ta sake ƙeƙashewa, sai direbana ya kira ni da hantsi daga wata gona a bayan Deba. Ya ce, "Alhaji, motar ta ƙi ja. Wata jar fitila ta kama a gaban sitiyari, in na taka mai sai ta riƙa rarrafe kamar jaririya." Na bar abin da nake yi na hau babur. Na same ta a tsakiyar gona, haro na cikin ƙasa, rabin fili an buga, rabi yana nan da ciyawarsa. Inji yana tashi, amma ko kanta ba ta iya ja da kyau, balle ta ja ƙarfe a cikin laka. Daga ranar sai da ta yi kwana 19 a wurin, ana kifa mata tamfol da daddare, ina biyan mai gadi.

Motar nan ba tsohuwa ba ce. Sabuwa dal na ɗauko ta, da ledarta a kujera. Shanu na sayar, na haɗa da bashi, domin in huta da bin masu tarakta ina roƙo kowace damina, in kuma yi wa jama'ar garinmu aikin haya. Ranar ciniki babu irin zaƙin bakin da ban ji ba daga dila. "Ranka ya daɗe, wannan ta zamani ce, ba ta shan mai, kuma muna tare da kai, ko cikin dare ka kira za ka same mu." Ko awa 600 ba ta cika ba a agogonta lokacin da ta durƙushe.

Na fara ɗauko tsohon makanikenmu, mutumin da ya haura shekara talatin yana kwance injin tarakta a gindin bishiya ya mayar, ta tashi. Ya zo da buhun sifanunsa, ya buɗe, ya tsaya yana kallon wayoyi sun yi saƙa a jikin inji. Bai yi mini ƙarya ba. Ya ce, "Alhaji, wannan ba ta hannu ba ce, ta kwamfuta ce. In na taɓa zan ƙara maka ɓarna." Abu ɗaya ya yi: ya kwance ƙasan filtar mai, ya tsiyaye abin da ke ciki a wata gorar ruwa ta roba, ya ɗaga ta sama a rana. Gas ya taso sama, a ƙasa kuwa ga ruwa nan kwance kusan yatsa biyu, da wani baƙin gari-gari yana yawo a ciki. Ya miƙo mini gorar ya ce, "Ga ciwonta nan, amma maganin ba ya wurina."

Daga baya na fahimci abin da yake nufi, kuma ina so duk mai shirin sayen irin wannan mota ya fahimta tun kafin ya ƙirga kuɗinsa. Tsofaffin taraktoci famfon mansu na ƙarfe ne zalla, nozul, bakin da ke fesa mai cikin inji, yana buɗewa da matsin da bai wuce wajen bar 200 ba (bar ma'aunin matsi ne). In ruwa ya shiga, a tsiyaye, a wanke, a fitar da iska, a ci gaba da aiki. Waɗannan na yanzu kuwa suna tura mai da matsin da ya haura bar 1,500, ta ƙofofi ƙanana kamar silin gashi, kuma wata ƙwaƙwalwa ce ta lantarki ke buɗe kowane injakta, wato abin fesa man, ta rufe shi. Ƙura kaɗan ko ɗigon ruwa ya isa ya cinye su. Gas ɗin kansa shi ne ke shafe cikin famfo ya hana ƙarfe cin ƙarfe, to in an gauraya shi da kananzir, wannan santsin ya tafi. Da zarar sensa ta ga matsin mai ya sauka, ƙwaƙwalwar sai ta rage ƙarfin inji da kanta. Shi ne rarrafen da direbana ya gani. Kuma babu mai iya tambayarta abin da ke damunta sai wanda ke da kwamfutar kamfani da manhajarsu.

To, tambayata ga masu sayar mana da su: ba ku san irin gas ɗin da ake sha a ƙasar nan ba ne? Ba ku san cewa tarakta ba a kan kwalta take aiki ba, a daji take kwana, a jarka da duro ake kai mata mai? Daga Dadin Kowa zuwa Dukku, daga Kumo zuwa Bajoga, wane manomi ne ke da gidan mai a bakin gonarsa? Ni ban taɓa sayen na 'yan bumburutu ba, a gidan mai nake cika duro, da tsadarsa, tun da lita ta haura Naira 1,000. Duk da haka ga ruwa a gora. Wanda ya san haka ya kamata ya ɗaura wa kowace mota ƙarin filta mai raba ruwa da mai kafin ta bar harabarsa, ya zaunar da mai saye ya ce masa kullum da safe a tsiyaye ta. Ba wanda ya faɗa mini. Littafin da aka ba ni da Turanci yake, direbana kuwa allo ya yi.

Sai kiran dila a waya. Rana ta farko an ce injiniya yana wata jiha. Rana ta uku an ce yana hanya. Rana ta biyar wayar ma ba a ɗauka. Ashe mutum ɗaya ne da kwamfuta ɗaya yake yawo tsakanin jihohi, a watan da kowace tarakta a Arewa take cikin gona. Ran kwana na bakwai ya iso, bayan na tura kuɗin motarsa da na masauki. Yaron kirki ne, ba ni da faɗa da shi, shi ma an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ya jona waya, minti goma bai cika ba ya ce injakta biyu sun tafi, famfo ma ya fara ci. Na ce to a sa sababbi. Ya sunkuyar da kai ya ce babu su a sito, sai an turo daga Legas, in babu a can sai daga waje.

Na ce garanti fa? A nan ne jinina ya tafasa. Manajansu ya ce mini a waya, "Yallaɓai, garanti ba ya ɗaukar matsalar gurɓataccen mai, yana nan a rubuce." Wato sun kawo inji da suka san man ƙasar zai kashe shi, sannan suka rubuta a takarda cewa in man ƙasar ya kashe shi ba ruwansu. Wallahi wannan ba ciniki ba ne, zalunci ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kun karɓi kuɗina cif, ba ku rage mini ko sisi ba, amma da aka zo wajen tsaya mini sai kuka buɗe takarda. Kuɗin kayan kuma da dala ake lissafa shi, dalar da tun da aka saki Naira a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024. Abin da na biya na injakta biyu ya isa in sayi bijimin huɗa.

Amma ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba. Mutanen birni ba su gane cewa shekarar tarakta ba wata goma sha biyu ba ce. A wajenmu aikin haro da huɗa 'yan makonni ne daga faɗuwar ruwa, in suka wuce sun wuce. Masarar da aka shuka a kan kari da wadda aka makara da ita mako uku ba ɗaya suke a buhu ba, kowane manomi ya sani. Mutum sama da ashirin sun ba ni kafin alƙalami tun da bazara. Kullum bayan sallar asuba sai in tarar da su a ƙofar gida. Akwai wata dattijuwa da ke riƙe da marayu, akuyoyinta biyu ta sayar ta kawo mini kuɗin eka uku. Ta zo ran kwana na goma, ba ta ɗaga murya ba, ta tsuguna daga gefe ta ce, "Ɗan nan, in ba za ta tashi ba ka faɗa mini gaskiya, in je in nemi masu shanu tun ƙasa na da danshi." Na ce, "Goggo, ki yafe mini." Na shiga ciki na ƙirgo kuɗinta na ba ta, hannuna na rawa. Masu garmar shanu kuma a lokacin kowa ya riga ya kama layi, sai da ta jira mako guda. Wa zai biya ta wannan? Sunan da na yi shekaru ina ginawa a garin nan, cewa in na ce gobe to gobe ne, a cikin kwana 19 aka zubar mini da shi.

Kuma ba ni kaɗai ba ne. Ka zauna da masu tarakta a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ka ji. Wannan haidurolik ɗinsa ya daina ɗaga garma saboda sil ya fashe, an rasa irinsa a duk Gombe. Wancan kuloci ya ƙone a shekarar farko. Wani ɓeraye ne suka shiga da rani suka gutsure wayoyi inda aka ajiye ta kusa da rumbu, waya ɗaya tak ta tsayar da mota sukutum. Lagireto yana toshewa da ƙaiƙayi da ƙura inji ya ɗau zafi, filtar iska ba ta jure hazon hunturu. Na yarda akwai laifinmu a ciki: direba yana ɗora ƙafa a kan kuloci yini guda, wani yana wuce awa 250 bai juye baƙin mai ba, wani yana sa mata haron da ya fi ƙarfinta. To wa ya koya musu? Yaro jiya yana kan babur, yau an miƙa masa makullin dukiyar miliyoyi. Horon yini biyu kacal da Hausa zai rage rabin wannan ɓarnar, amma dila ya fi gane ya miƙa makulli a ɗauki hoto.

Ba na cewa motar ba ta da kyau. Ranar da take lafiya tana cin fili fiye da tsohuwar da na saba haya, man da take sha kuma bai kai nata ba. Shi ya sa abin ya fi ciwo. An ba mu doki, an riƙe linzamin a Legas.

Abin takaici, mu a wannan yanki ba baƙin tarakta ba ne. A nan Bauchi, tun muna jiha ɗaya kafin a cire Gombe a 1996, kamfanin Steyr ya riƙa haɗa taraktoci da manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1970. Kanikawan da suka taso a zamanin sun san injin ciki da bai, kayan gyara kuma in babu a gari ana samu a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, a sa a mota da yamma ya kwana a hannunka. Har yau akwai tsofaffin Massey Ferguson da suka girmi direbobinsu suna huɗa a ƙauyukanmu. Yanzu muna da sababbi masu sheƙi, ana jera su a fili a yi biki a yanka kintinkiri, bayan damina biyu ka je ka gan su a bayan ofisoshi, taya ta sace, ciyawa ta fito ta ƙarƙashinsu, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon tafin hannu ba.

Ko a Amurka manoma sun yi wannan faɗan. A 2023 jihar Kolorado ta kafa doka da ta tilasta wa kamfanonin kayan noma su bai wa manomi da makanikensa kayan gyara da littattafai da manhajar gano matsala. Can ke nan, inda dila ke kusa kuma gas ke da tsabta. Mu da muke nesa da komai mun fi su buƙatar haka. Duk wanda zai sayar da tarakta a Gombe, ko gwamnati ce za ta sayo ta raba, a tilasta masa ya ajiye sito a cikin jihar da injakta da filta da sil da kuloci kafin ruwan farko, ya ɗauki kanikawanmu ya koya musu, ya bar musu kwamfutar a hannunsu. In ba zai iya ba, ya kawo mana mai famfon ƙarfe wadda tsohon makanikenmu zai iya kwancewa a gindin bishiya.

Kayan sun iso ran kwana na 18, aka ɗaura washegari. Lokacin yawancin waɗanda suka ba ni kuɗi sun karɓe abinsu, gonata ni kaina da shanun aro aka huɗe ta. Na sayi ƙarin filta da kuɗina na sa, kullum da asuba ni da kaina nake tsugunawa in tsiyaye ta kafin direba ya tayar. Masu bashi sun aiko mini takarda cewa biya na gaba yana nan a ranarsa, ba ragi. Shekaranjiya da yamma kuma direba ya sake kira, ya ce jar fitilar ta ƙifta sau biyu ta ɗauke. Na kira lambar dila sau huɗu, tana shiga, ba a ɗauka ba.