Wanda Ya Je Waterford Neman Takobi Ya Bar Ma'auni a Baya

Da zarar an ambaci Viking, wato mutanen arewacin Turai na zamanin da masu yawon kai hari da fatauci a jiragen ruwa, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne ƙaton Bature mai gemu, gatari a hannu, hula mai ƙaho biyu a kai. To jama'a, hular nan ƙage ce. Masu zane da masu shirya wasan daɓe a Turai ne suka ƙirƙiro ta a ƙarni na 19, babu kabarin Viking ɗaya da aka tona aka same ta. Amma ita ce kan gaba a shagunan tsaraba, yara na sawa ana ɗaukar hoto. Ni abin da ya dame ni ya wuce hula. Mun taƙaita mutanen nan a kan sara da suka, alhali abin da suka bari a ƙasa ya nuna cewa rabin rayuwarsu ciniki ne.

Waterford, a kudu maso gabashin ƙasar Ayilan, nan na ƙara tabbatar da haka. Shi ne birni mafi tsufa a ƙasar, Vikings suka kafa shi a shekarar 914 a bakin kogin Suir, inda jirgi zai shigo daga teku ya samu mafaka. Gidajen tarihinsa suna cure a wata 'yar unguwa guda, da ƙafa za ka zagaye su. A bakin ruwa akwai hasumiyar Reginald, zagayayyen gini na dutse mai kaurin bango. Sunan na wani shugaban Viking ne, amma ginin da ke tsaye yanzu Normawa, mayaƙan da suka ƙetaro daga Birtaniya, ne suka fara shi bayan sun ƙwace garin a 1170. Ta yi gidan buga kuɗi, ta yi kurkuku, ta yi rumbun makamai. Matakalarta matsattsiya ce mai murɗewa, mai ciwon gwiwa ya yi shawara da kansa kafin ya hau.

A 2003, ana shirin yin hanyar da za ta kewaye birnin, sai aka ci karo da tsohon mazaunin Vikings a Woodstown, 'yan kilomitoci sama da garin a gaɓar kogin, wanda ya girmi Waterford ɗin kansa. An samu kabarin wani mayaƙi da takobinsa da mashinsa da gatarinsa, kuma gaban wannan takobin ne kowa ke cunkoso. Amma a wurin nan dai an tono ɗimbin ƙananan duwatsun awo na dalma, wasu ba su kai kan yatsa ba, da guntayen azurfa da aka daddatse daga mundaye da sanduna. Mutanen ba su damu da hoton sarkin da ke jikin kuɗi ba, nauyi suke so. Ka sayi kaya, a ɗora azurfa a sikeli, in ta yi yawa a sa wuƙa a yanke. Za ka ga wasu guntayen da 'yar tsaga a gefe, alamar wani ya karce don ya tabbatar ba jabu aka ba shi ba.

A cikin guntayen nan har da ɓallin dirhami mai rubutun Larabci irin na Kufi. Dirhamin daular Musulunci, a gaɓar kogi a ƙarshen yammacin Turai! Hanyarsa doguwa ce: daga kasuwannin gabas zuwa kogin Volga, inda Ibn Fadlan, ɗan aiken halifan Bagadaza, ya haɗu da fataken Rus, 'yan'uwan Vikings, a 922 ya rubuta yadda ya gan su, daga nan zuwa tekun Baltik, sannan hannu zuwa hannu har Ayilan. A tsibirin Gotland na Suwidin kaɗai, taskar da aka tono a Spillings a 1999 tana ɗauke da tsabar kuɗi sama da 14,000, kusan duka dirhami.

Kada wani ya ce ina wanke su. Cinikin nasu har da na mutane, kuma bayi na cikin manyan abubuwan da azurfar ke saya. Dublin ta Vikings na cikin manyan kasuwannin bayi na yammacin Turai a zamaninta. Sun kai hari Ishbiliya ta Andalus a 844, sun taɓa gaɓar Maroko wajen 859, kuma tsofaffin littattafan tarihin Ayilan sun ambaci kamammun da aka kawo daga can. Wanda ya ƙona maka gari yau, shi ne zai kafa sikeli gobe ya sayar da ɗan'uwanka. Wannan ɓangaren ba ya shiga hoton tsaraba, shi ya sa nake ganin duk mai kai yara irin wuraren nan ya kamata ya faɗa musu da bakinsa.

Gidan tarihin tsakiyar zamani, wanda aka buɗe a 2012, an gina shi ne a kan wasu tsofaffin ɗakunan ƙasa, ɗaya ma'ajiyar giyar inabi ce ta ƙarni na 15. A sama akwai rigunan limaman coci na shekarun 1460, alharinin daga Florence ta Italiya, surfanin daga Bruges ta Beljiyam. An rage hasken ɗakin don kada ya ci zaren, sai ka matso sosai kake ganin fuskokin mutane da aka fitar da allura. Wanda ya san wahalar aska takwas a babbar riga zai jinjina wa masu wannan aiki. An binne su a 1650 don gudun sojojin Cromwell, jagoran rundunar Ingila da ta mamaye Ayilan, aka manta da su shekara 123, sai a 1773 da ake rushe tsohon cocin aka ci karo da su. Akwai kuma hular da Sarki Henry na 8 na Ingila ya aiko wa garin a 1536, ka duba ta ka wuce.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban wata doguwar takardar fata ta 1373, tsawonta kusan mita 4, cike da hotunan sarakunan Ingila da magadan gari da zanen birnin kansa da jirage a gabansa. Kai ka ce don ƙawa aka yi ta. Ashe takardar ƙara ce. Waterford na da gatan cewa jiragen ƙetare su sauke kaya a tasharta, garin New Ross da ke maƙwabtaka kuma yana janye mata ciniki, musamman na giyar inabi. Sai attajiran Waterford suka haɗa duk takardun gatan da sarakunan baya suka ba su, suka ɗinke, suka sa aka ƙawata, aka kai wa Sarki Edward na 3 don ya tuna wa ke tare da gidansu tun kaka da kakanni.

Rigimar ba ta mutu a nan ba. A 1518 mutanen Waterford suka cika jirage suka afka wa New Ross, suka wawushe abin da suka samu, suka taho da sandar girman garin ta azurfa. Har yau ba su mayar ba, tana cikin gilashi a gidan tarihin.