Jini ko gida: me 'ya'yan 'yan wasa suke gada?

Duk ranar da Erling Haaland ya zura ƙwallo uku a raga, sai ka ji an ce ai gado ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinsa Alf-Inge ya buga wa Nottingham Forest da Leeds da Manchester City, mahaifiyarsa kuma tsohuwar zakara ce a ƙasarsu Norway a gasar mata mai wasanni bakwai, wadda ta haɗa gudu da tsalle da jifa. Kafin a rufe baki sai wani ya taso ya ce babu wani gado, atisaye ne kawai, duk wanda ya dage zai kai. Na daɗe ina sauraron wannan gardama, kuma abin da ke ci min rai shi ne kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya yar da rabi, kuma a ƙarshe yara ne ke kwana ciki.

Bari in fara da masu cewa babu ruwan jini. 'Yan uwa, ku yi haƙuri, akwai ruwansa. Binciken da aka yi ta yi a kan tagwaye ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin tsayi tsakanin mutane daga gado yake, kuma babu kocin da ya taɓa koya wa yaro tsayi. Yao Ming na ƙasar Sin mita 2.29 ne, uwa da uba duk dogaye ne 'yan ƙwallon kwando. Akwai Eero Mäntyranta na Finland, wanda ya ci lambobin yabo 7 a tseren kan dusar ƙanƙara a gasar Olamfik tsakanin 1960 da 1968. Sai a 1993 masu bincike suka gano cewa a danginsu akwai wani sauyi a ƙwayar halitta da ke sa jiki ya riƙa ƙera jajayen ƙwayoyin jini fiye da na sauran mutane. Ma'ana, jininsa na ɗaukar iskar da tsoka ke buƙata fiye da na wanda suke tsere tare, kuma da haka aka haife shi.

Binciken da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda Claude Bouchard ya jagoranta a Amurka da Kanada a shekarun 1990. An ɗauko iyalai, iyaye da 'ya'yansu, waɗanda ba su saba motsa jiki ba, aka ɗora su a kan keken atisaye sau uku a mako har mako 20, kowa da irin horon da aka ba ɗan uwansa. Da aka zo awo, wasu ƙarfin numfashinsu ya ƙaru sosai, wasu kuwa kamar ba su taɓa hawa keken ba. Kuma masu ƙaruwar sun fi taruwa a gida ɗaya, marasa ƙaruwar ma haka. A mutum 481 daga iyalai 98, an kiyasta cewa kusan kashi 47 cikin 100 na wannan bambanci gado ne. Wato hatta yadda jiki ke karɓar horo, akwai hannun iyaye a ciki. Saboda haka idan yara biyu suka yi atisaye iri ɗaya ɗaya ya wuce ɗaya, kada a yi saurin cewa na bayan malalaci ne. Wannan hukunci ya karya zuciyar yara da yawa.

To amma masu cewa jini ne kaɗai, ku ma ku tsaya mu yi lissafi. Zinedine Zidane na da 'ya'ya maza huɗu, Enzo da Luca da Théo da Elyaz, dukkansu sun bi ta makarantar horar da matasa ta Real Madrid. Jini akwai, koci akwai, fili akwai, suna akwai. Sun zama 'yan ƙwallo, amma babu wanda ya kama ƙafar uban. 'Ya'yan Michael Jordan maza biyu a ƙwallon kwandon jami'a suka tsaya. Ɗan Pelé, Edinho, gola ya zama a Santos, bai yi wani tashe ba. Ko gidan Maldini da ake kafa hujja da shi, inda Cesare ya ɗaga kofin zakarun Turai a matsayin kyaftin ɗin Milan a 1963, ɗansa Paolo ya ɗaga a 2003, jikansa Daniel ya sa rigar Italiya a 2024, ai Paolo na da wani ɗan, Christian, wanda shi ne babba, kuma a ƙananan ƙungiyoyi ya yi wasansa har ya ajiye takalma. Muna tuna Daniel mu manta da yayansa, sannan mu ce gado ba ya ƙarya.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masana. Tun 1886 Francis Galton ya nuna cewa 'ya'yan dogaye sukan fito dogaye, amma a jimlace ba su kai iyayen ba, suna ɗan komawa tsaka-tsaki. Gwarzon ɗan wasa haɗuwar abubuwa ne masu ɗimbin yawa a jiki guda: tsayi, saurin ƙafa, huhu, kaifin ido, jijiyar da ba ta yawan tsinkewa, da zuciyar da ba ta karaya. Ɗansa rabin ƙwayoyin halittarsa kawai zai ɗauka, kuma ba shi zai zaɓi rabin ba. Shi ya sa ɗan gwarzo yakan fi yawancin yara, amma da wuya ya maimaita uban. Ta ɗaya gefen kuma, mahaifin Messi a masana'antar ƙarfe yake aiki, iyayen Usain Bolt ƙaramin kanti suke da shi a ƙauyensu na Jamaika.

To idan jini na raguwa haka, me ya sa duk da haka muke ganin gidaje irin na Abedi Pele da André da Jordan Ayew, ko Peter Schmeichel da Kasper, ko Lilian Thuram da Marcus da Khéphren? A nan ne nake ganin ba a ba gida haƙƙinsa ba, kuma idan na ce gida ba nasiha da faɗa nake nufi ba. Ina nufin sani da hanya.

Ku dubi Stephen Curry. Mahaifinsa Dell ya yi shekara 16 a gasar ƙwallon kwando ta NBA yana jefa ƙwallo daga nesa. Stephen ya taso ɗan siriri, ƙarfinsa bai kai ba, don haka daga ƙugu yake cillo ƙwallo. Tana shiga kuwa. Wani uban da bai san wasan ba da sai ya yi ta tafi. Dell ya san cewa da zarar yaron ya haɗu da dogaye za su riƙa kaɗe ƙwallon tun kafin ta tashi. Sai a wani hutun makaranta ya sa shi ya rushe salon gaba ɗaya, ya koma jifa daga saman kai, yana tsaye dab da kwando yana maimaitawa, yaron da a da yake jefawa daga nesa ya koma ko na kusa yana kuskurewa. Stephen da bakinsa ya sha faɗin irin wahalar da ya sha a wannan hutun. Duk da haka manyan jami'o'i ba su ɗauke shi ba, ƙaramar kwalejin Davidson ya je. A Disambar 2021 ya zama wanda ya fi kowa jefa ƙwallo mai maki uku a tarihin NBA. Wataƙila ido da hannun daga jini suke. Amma gyaran da aka yi a daidai lokacin da ya kamata, daga uban da ya san abin da ke gaba ya fito.

Irin wannan ne yaron gidan 'yan wasa yake samu kyauta. Ƙwallo na ƙafarsa tun yana tatata. Akwai wanda zai ce masa wannan ciwon gwiwar ba na wasa ba ne, ka huta. Akwai wanda ya san wane koci ne na kirki, wane dillali ne macuci, wace takarda ce ba a sa mata hannu. In aka ajiye shi a benci wata uku, akwai wanda ya taɓa zama a bencin zai ce masa ba ƙarshen duniya ba ne. Kuma mu faɗi gaskiya, suna na buɗe ƙofa. Yaron da ba a san ubansa ba gwaji ɗaya ake masa, in ranar ƙafarsa ba ta hau ba shi ke nan. Mai suna za a ce a ƙara duba shi.

Masu cewa horo ne komai, babbar hujjarsu Richard Williams ne, wanda bai taso ɗan tanis ba amma ya tsara wa 'ya'yansa rayuwar tanis tun kafin a haife su, ya fara koya musu a filayen gwamnati na Compton a jihar Kalifoniya. Serena ta ci manyan kofuna 23, Venus ta ci 7. Ina jinjina masa ƙwarai. Sai dai tsarin nasa ya faɗo ne a kan jikin da zai iya ɗauka: Venus mita 1.85 ce, kuma bugun farkonta ya taɓa haura kilomita 200 a awa. Iyaye nawa ne suka kwaikwayi Richard, suka ƙarar da dukiya da ƙuruciyar 'ya'yansu, ba mu taɓa jin sunansu ba? Wani nazari da Brooke Macnamara da abokan aikinta suka fitar a 2016, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya samu cewa yawan atisaye na bayyana kusan kashi 18 cikin 100 ne na bambancin ƙwazo tsakanin 'yan wasa, a tsakanin manyan gwanaye kuwa kusan kashi 1. Atisaye wajibi ne, babu mai kaiwa ba tare da shi ba, amma ba ya ba da tabbaci.

Wannan ne wurin da abin ke ba ni tsoro, domin uban da ya yarda cewa horo kaɗai ke yin zakara, in yaro ya gaza, wa zai ɗora wa laifi in ba yaron ba? Mahaifin Andre Agassi, wanda tsohon ɗan damben Olamfik ne, ya haɗa wata na'ura mai harbo ƙwallo ya sa yaro ɗan shekara 7 yana dukan ƙwallo wajen 2,500 kullum. Agassi ya ci manyan kofuna 8, sannan a 2009 ya fito ya faɗa wa duniya cewa ya tsani tanis tun yana yaro. A Norway, 'yan uwan nan uku masu tsere, Henrik da Filip da Jakob Ingebrigtsen, waɗanda mahaifinsu ya horar har suka zama zakarun Turai, sun fito a 2023 suna zarginsa da tsoratarwa da duka. Magana ta kai kotu, inda a 2025 aka wanke shi daga zargin cin zarafin Jakob, aka same shi da laifin dukan ƙanwarsu sau ɗaya. Lambobin zinare na nan a gidan, amma uba da 'ya'ya sun tsaya gaban alƙali. Ni dai ban ga kofin da ya kai wannan tsada ba.

Idan ana son a ga inda jini da gida suka haɗu yadda ya kamata, a dubi Bekoji, wani ƙaramin gari a tsaunukan Habasha, kusan mita 2,800 sama da teku. Daga nan Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinare a tseren mita 10,000 a Barcelona a 1992. Daga nan 'yan uwanta Ejegayehu da Tirunesh da Genzebe Dibaba suka fito, haka Kenenisa Bekele da ƙaninsa Tariku. Za a ce jini ne da iskar tsauni, kuma akwai wannan. Amma garuruwa nawa ne a kan tsaunukan nan masu irin mutanen da irin iskar? Abin da Bekoji ta samu shi ne wani malamin motsa jiki, Sentayehu Eshetu, wanda ya shafe shekaru yana tara yaran gari da sassafe yana sa su gudu a cikin itatuwa da kan gangare, ɗan kowa da kowa. Da Derartu ta dawo da zinare, kowace yarinya a garin ta ga cewa abin mai yiwuwa ne. Abin da Dell Curry ya yi wa 'ya'yansa a gida, shi wannan malami ya yi wa gari guda, sai ga baiwa tana fitowa daga gidajen manoma.

Wannan ya sa na yi imani cewa baiwar da aka gano ba ta kai ko kusa da wadda ta salwanta ba. Joel Embiid bai fara ƙwallon kwando ba sai yana ɗan shekara 15 a Kamaru, wani ɗan ƙasarsu da ke NBA a lokacin, Luc Mbah a Moute, ya hango shi a sansanin horo, kuma a 2023 aka zaɓe shi gwarzon gasar. Da bai je sansanin ba fa? Hatta watan haihuwa na hana yaro dama. Tun a shekarun 1980 Roger Barnsley ya lura cewa a cikin fitattun matasan 'yan wasan hoki na Kanada, waɗanda aka haifa daga Janairu zuwa Maris sun ninka na ƙarshen shekara nesa ba kusa ba, saboda a rukunin 'yan shekara 9 ko 10 wanda ya girmi ɗan uwansa da wata goma ya fi shi jiki, sai koci ya ɗauka baiwa ce, ya ba shi ƙarin horo, tazarar ta zama ta gaske. An ga irin haka a makarantun ƙwallon ƙafa na Turai.

Don haka roƙona ga iyaye, ku bar yaro ya ɗanɗana wasanni daban-daban kafin a ɗaure shi a kan ɗaya, ku lura da wanda jikinsa ke karɓa da wanda yake tashi da kansa ya je ba sai an kora shi ba. In kai tsohon ɗan wasa ne, ɗanka bai ci bashin sunanka ba. Ku kuma masu horarwa da malaman motsa jiki, yaron nan da ya zo gwaji shi kaɗai, ba uba ba dillali, ƙarami a cikin sa'o'insa, ku tambayi watan haihuwarsa da tsawon lokacin da ya yi yana samun horo na gaske kafin ku sallame shi, kuma ku ce ya dawo bayan wata shida a sake duba shi.