Tsofaffin gidajen reza: harafin shekara ba shi ne inganci ba

Jiya muka yi gardama da wani abokina a Tudun Wada kan gidan rezar marigayi Babanmu, na kamfanin Gillette, irin na ƙarfen nan da ake warware mariƙinsa a ɗora reza mai baki biyu. Ya juya shi ya duba ƙasan kan, bai ga harafi ba, sai ya ce wai jabu ne. Haba Malam!

Abin da yake nema gaskiya ne, amma rabin labarin ya riƙe. Daga 1951 kamfanin Gillette na Amurka ya riƙa buga harafi da lamba a ƙasan kan kowane gidan reza. Harafin shi ne shekara, lambar kuma, daga 1 zuwa 4, tana nuna wane kashi na shekarar, wata uku-uku. W ita ce 1951, A kuma 1955. Idan ka ga E da 2, an ƙera shi tsakanin Afrilu da Yunin 1959. Sai dai haruffan suna zagayowa bayan shekara 25, don haka W ɗin nan tana iya zama 1976. Siffar abin ce za ta raba gardama. Mai kaurin mariƙi da ake kira Fatboy, mai lamba 1 zuwa 9 ta daidaita yadda bakin reza ke kama fata, daga 1958 zuwa 1961 aka yi shi, sannan siririn ƙanensa Slim ya karɓa har 1968.

To na Baba fa? A jikinsa an rubuta cewa ƙirar Ingila ne, kuma akasarin na Ingila ba a buga musu wannan harafi ba. Na Amurka ma da aka yi tsakanin 1930 da 1950 haka suke, ba lamba. Kayan kantunan Sabon Gari a zamanin Turawa kuwa ai ta Ingila suke zuwa, shi ma can ya saye shi lokacin yana aikin reluwe.

Ni dai idan na tsuguna gaban 'yan gwangwan ko masu gwanjo, ba shekara nake fara tambaya ba. Nauyi nake fara ji a tafin hannu. Tsofaffin na tagulla ne aka shafe da ruwan nikel, ko shafen ya goge ƙarfen ciki yana nan daram. Da yawa daga na yanzu kuwa wani gauraye ne na zinki, yana ƙyalli a shago, ruwa na samun kafar shiga sai ya fara cin sa ta ciki, wata rana kana ɗaurewa kusar ta ɓalle a hannunka. Biyu na yi asara haka kafin na hankalta. Daga nan sai in saka reza in ɗaga shi sama in duba ko bakin ya fito daidai dama da hagu. Wanda ya taɓa faɗuwa ya lanƙwashe, ko Fatboy ne na 1958, sai ya yi maka zane a haɓa kamar ɗan koyon wanzanci.

Na Baba mai sassa uku ne kawai, ba juyi ba lamba, sunansa Tech. Masu tara kayan tarihi ba su cika ɗaga masa kai ba don ya yi yawa a duniya. Da safen nan na tafasa shi, na goge da tsohon buroshi da sabulu, na sa masa rezar da na saya a kiyos ɗin bakin layinmu, ta zauna cif. Abokin nawa yanzu cewa yake in sayar masa, na ce ya je ya nemo mai harafi.