Barcin likita ma magani ne ga mara lafiya

A Yamai, da zarar damina ta zauna, zazzaɓin cizon sauro ya buɗe wuta, ɗakunan gaggawa sukan cika har a shimfiɗa tabarmi a baranda. Likitan da ya kwana a tsaye shi ne kuma zai zagaya gadaje da hantsi, ya lissafa wa jinjiri magani daidai da nauyinsa, inda kuskuren lamba guda ya isa ya yi ɓarna. Abin da ya shiga cikinsa tun jiya bai wuce shayi mai kauri da burodin mai shayin bakin ƙofa ba. Mu kuwa sai mu ce Allah ya saka, likita jarumi ne. Wannan yabon yana damuna, domin da shi muke rufe ido daga haɗarin da ke gabanmu.

A 1997 masu bincike a Ostiraliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, lurarsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wato matakin da a Faransa ake hana mutum riƙe sitiyari. A 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. A ƙasar da ba ta da ko likita ɗaya ga kowane mutum 10,000, duk likitan da hawan jini ya kayar, gari guda ne ya rasa mai duba shi.

Akwai abin da ke hannun likitan kansa, ba zan ɗauke masa wannan ba. Rantsuwar likitoci ta Janiba, da aka sabunta a 2017, ta sa kowannensu ya yi alkawarin kula da lafiyarsa don ya iya kula da ta wasu. To, wanda yake ɗaura wa mutane awon jini daga safe zuwa yamma, yaushe rabon da ya ɗaura wa kansa? Ya samu abokin aiki da zai zama likitansa, ya bar rubuta wa kansa magani a tsaitsaye. Minti 150 na motsa jiki a mako da yake faɗa wa masu ciwon sukari, tafiyar rabin awa ce bayan asuba, kwana biyar. Natsuwar da ake ta koyarwa a ƙasashen Turai kuwa, muna da ƙofarta: ya ajiye waya, ya yi alwala a tsanake, ya yi sallar azahar ba yana leƙen agogo ba, ya sha ruwa ya zauna minti biyar kafin ya kira na gaba.

Amma kaso mai yawa na gajiyar nan daga gare mu yake, mu dangi da maƙwabta. Mutum ya sauka daga aikin dare, ya ƙetare gadar Kennedy da kyar, kansa bai taɓa matashi ba sai ga hoto a WhatsApp: "Yaya, ga sakamakon gwajin Inna, don Allah a duba mana yanzu." Kafin la'asar an yi sallama a ƙofar gida sau da yawa, kowa da takardar maganinsa. Kunya ta hana shi cewa a'a, ranar suna ko biki ma ba a bar shi ya ci tuwo cikin kwanciyar hankali ba. Abin da ba na gaggawa ba ne zai iya jira zuwa gobe, na gaggawa kuwa asibiti ake kai shi.

Saura shugabannin asibitoci da ma'aikatar lafiya. Ba adalci ba ne a ce wa mutum ya kula da kansa alhali jadawalin aiki bai ba shi damar ba. A mayar da hutun bayan aikin dare doka, a rubuce, wadda ba ta dogara da kirkin shugaban sashe ba. A tanadi ɗakin kwana mai fanka da gidan sauro da ruwan sha. Ƙungiyar SYNPHAMED ta likitoci da masu haɗa magunguna na Nijar ma, duk lokacin da ta zauna da gwamnati kan albashi da ɗaukar sabbin likitoci, ta sa yawan awannin aiki a kan teburin.