Yaron da aka hore da yankan ciyawa, ta yaya zai so ilimin tsirrai?

A hutun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke aji biyar na firamare ta zo mana da jakar littattafanta. Ina duba littafinta na kimiyya sai na ce ta lissafo mini abubuwa goma masu rai. Ko numfashi ba ta yi ba: akuya, kaza, mage, zaki, giwa, kifi, har da kada wanda ba ta taɓa gani ba sai a talabijin. A gindin darbejiyar tsakar gida muke zaune, inuwarta ta lulluɓe mu. Na nuna ta na ce, wannan fa? Ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Kawu, ai wannan bishiya ce."

Da a takardar jarrabawa aka tambaye ta, na tabbata za ta rubuta cewa tsirrai suna da rai, domin ta haddace. Amma a zuciyarta bishiya da katanga duk ɗaya ne, abin jingina ne da ɗaure igiyar shanya. Wasu malamai biyu 'yan Amurka, James Wandersee da Elisabeth Schussler, sun raɗa wa wannan hali suna a ƙarshen shekarun 1990, suka kira shi makantar tsirrai: mutum ya wuce ta cikin itatuwa, idonsa bai kama komai ba sai tsuntsun da ke kan reshe. Sun danganta wani ɓangaren abin da yadda idon ɗan Adam ya fi saurin kama abu mai motsi. Na yarda da wannan. Sai dai a wajenmu akwai ƙari, kuma mu ne muke ƙara shi da hannunmu a makaranta.

A tuna yadda yaro ke fara haɗuwa da tsiro a makarantunmu. In ya makara, a miƙa masa lauje ya je ya yanke ciyawar bayan aji. In ya yi surutu, a aiki wani ya karyo tsumagiya a jikin darbejiya ko tsamiya. In makarantar tana da gona, ita ce wurin da ake tura masu laifi da tsakar rana. Shekara shida, wani ma tara, yaro yana ganin ciyawa da reshe a matsayin kayan horo. Sannan ranar da ya shiga babbar sakandare mu ɗora masa babin tsirrai a Bayoloji, mu dawo muna mamaki don ya fi son babin zuciya da jini. Abin da muka shuka ne ya tsiro.

Cikin ajin ma ba a gyara ɓarnar. Malam ya zana furen haibiskos a allo, ya jera sunayen sassansa da Turanci, yara su kwafa su haddace. Da an buga ƙararrawar tara, sai su ruga su sayi zoɓo mai sanyi a leda. Da wuya ka sami wanda aka gaya masa cewa yakuwar da ake samun zoɓon daga jikinta ita ma haibiskos ce, haka ramar da ake kwaɗo da ita, kuma kuɓewa da auduga danginsu ne. Abin da yake sha ɗin ma wani sashe ne na furen da ya gama zanawa, kwanson da ke tallafe da shi daga ƙasa. Zoɓon nan ne ake lodawa a kasuwar Maigatari ta Jigawa har ya kai Meziko. Furen kuɓewa guda, da kowane yaro zai iya tsinkowa a bayan gidansu da damina, ya fi zanen allo goma, domin ana ɓare shi, ana shinshinawa, garin cikinsa yana maƙalewa a yatsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran karkara, waɗanda suke zuwa aji da ilimi cike da kai, mu sa su ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalmansu. Yaro ɗan shekara goma da ke kiwo ya san sabara, ya san kalgo, ya san akuya ba ta damu da tumfafiya ba. Ya san lokacin da kanya ke nuna da lokacin magarya, ya san bagaruwa ce majema ke nema. Ya san gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina lokacin da kowa ke yin kore, ya kuma yi lif da rani, ya san geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau. Wannan tambaya ce ta kimiyya tsantsa, kuma amsarta tana cikin manhaja: ganyen da ya zube taki ne, rana tana samun hatsin saboda babu inuwa, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani sun bar kashi, saiwarsa kuma tana haɗa kai da ƙwayoyin bakteriya wajen kamo sinadarin naitirojin daga iska. Haka ƙuduji, wanda kowane ɗan manomi ya ji ubansa yana tsine masa. Irinsa ƙanana ne kamar ƙura, yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara goma, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar dawa ko gero ke fitarwa, sannan ya manne mata yana tsotsa. Masana a Samaru ta Zariya sun daɗe suna fama da shi. Wane yaro ne zai ji wannan ya ce tsiro ba ya komai?

Har tsoron da wasu yara ke yi wa kuka da tsamiya, wai gidan iskoki ne, ni ban ɗauke shi asara ba. Wanda ke tsoron bishiya aƙalla ya lura da ita. Malami mai hikima zai kai su gindin kukar da safe, su auna kaurinta da igiya, su tattauna yadda take tara ruwa a cikinta har ta ƙetare rani.

Na san abin da malamai za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Aji ya cika maƙil, wani ya haura ɗalibi ɗari. Makaranta ba katanga, abin da aka dasa yau awakin unguwa sun cinye gobe. Ruwan sha ma aiki ne balle na ban-ruwa. Ga WAEC da NECO suna jira, su kuwa da Turanci suke tambaya. Amma a duk darussan kimiyya babu mai arhar wannan. Kimiyyar sinadarai tana buƙatar ɗakin gwaji, wannan kuwa gwangwanin madara biyu da 'yan ƙwayoyin wake sun isa: ɗaya a taga, ɗaya a cikin kwali mai duhu, yara su riƙa dubawa kowace safiya su rubuta abin da suka gani. Sunan Turanci ya zo daga baya, ya hau kan sunan da yaron ya sani, zai fi zama. Su kuma yaran birni, a fara da sunan unguwarsu. A Kano akwai Giginyu da Kurna da Ɗorayi da Tsamiyar Boka, a Kaduna akwai Unguwar Rimi. A tura su su tambayi kakanninsu ina itacen yake, yaushe aka sare shi, me ake yi da 'ya'yansa.

Batun ya wuce cin jarrabawa. A 1983, a yankin Maraɗi, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace shekara tohon kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka koma barin toho mafi ƙarfi suna rage sauran, abin da suke kira sassaben zamani, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin Maraɗi da Damagaram. Duk aikin ya taso ne daga tsayawa a dubi tsiro da kyau. Mu kuma a nan Najeriya muna da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, a jihohi 11 na Arewa, ana dashe kowace damina, alhali masu gadon itatuwan suna aji ana koya musu cewa ciyawa horo ce. Shugabannin makarantu za su iya soke wannan horo gobe da safe ba tare da kashe ko sisi ba, kuma ya kamata su soke.

Kafin yarinyar ta koma gida, na kai ta bayan gari muka roƙi wani manomi ya bar mu mu tuge gyaɗa guda. Na nuna mata 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, ta fasa ɗaya da farce, ta ga cikinsa ja-ja kamar nama. Ta daɗe tana juya shi a tafin hannunta. Bayan mako biyu ta kira ni a wayar mahaifiyarta, wai shin saiwar gero ma tana da irin ƙullen nan? Na ce ta nemi izinin babanta ta tuge ɗaya a gonarsu ta gani.