Wai wa ke sa ido kan masu cacar nan ne?

Don Allah jama'ar Damagaram ku amsa min, wa ke tambayar masu gidajen cacar ƙasar nan lissafi? Daga kasuwar Dole zuwa Sabon Gari har Garin Malam kiyos ne ko'ina, wasu na doki wasu na ƙwallo, abin ma ya wuce kiyos ya shige cikin salula, yaro na zaune a fada ana dafa shayi shi kuma yana can yana zuba kuɗin da ya wuni yana kabu-kabu a kan wasan da ake bugawa a Ingila. Dattijai kuma tun da safe sun duƙufa kan takardar cacar doki ta PMU da biro suna lissafin tiyarse da karte, dokin da ke gudu a Faransa wanda ko wutsiyarshi ba su taɓa gani ba.

Ni ba wa'azi na zo yi ba, malamai sun yi sun gaji, kowa ya san hukuncin caca a musulunci. Maganar hukuma nake. LONANI, wato ma'aikatar caca ta ƙasa, ta gwamnati ce, ita doka ta ba ikon wasannin sa'a a Nijar. To ita ke saida tike, ita ke neman riba, ita kuma ake jira ta ce ma mutane ku rage? An ba kura ajiyar nama kenan. Duk mai cin riba da yawan ƴan wasa ai ba zai so su ragu ba, wannan ba sai an je lakwal ba, shi ya sa dole a samu wani a samanta da zai kira shugabanninta ya zaunar da su ya ce ku kawo takardu.

Da can aikin majalisar dokoki ne wannan. A lokacin depite na da ikon kiran minista ya zo zauren majalisa ya amsa tambaya a gaban kowa, akwai kwamitin kuɗi, suna iya kafa kwamitin bincike in sun ga dama. Amma fa kar mu yaudari kanmu, lokacin da suke nan ɗin ma sau nawa kuka ji depiten Zinder ya miƙe a Yamai ya ce a faɗa mana nawa caca ke kwasa a jiharmu? Sai lokacin kamfe ka gansu da atamfa da sukari. Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 majalisar ma babu ita, a 2025 aka kafa majalisar shawara ta CCR, ita kuwa shawara ce aikinta, a ɗauka ko a aje. Akwai COLDEFF mai farautar waɗanda suka ci dukiyar ƙasa, madalla, amma ita sai ɓarna ta auku take shigowa, ni kuma so nake a samu mai tambaya duk shekara tun kafin a ɓata.

Ɗan yayata ne ya sa raina ya ɓaci wallahi. Yaron ko sha takwas bai cika ba, ya je wani kiyos ya buga, ba wanda ya ce ina katinka, aka karɓi kuɗinshi da hannu biyu. Da ya ci ƴan jikkuna sai labari ya canza, yau babu rezo, gobe patron ya yi tafiya, jibi wai tiken ya goge ba ya karantuwa. Rezon bai taɓa ɗaukewa ba lokacin karɓa sai lokacin biya! Ni ban damu da kuɗin ba, da ya kawo su gidan ma uwarshi ba za ta taɓa ba, abin da ya ƙona min rai shi ne babu inda za ka kai ƙara, babu lamba a jikin kiyos ɗin, babu takardar izini a manne, ka je komsariya kuma da wane baki, ka ce ɗanka ɗan caca ne?

Nan kusa da mu a Kano, Hisbah ta bi shagunan caca ta rufe a 2024, a watan Nuwamban shekarar kuma kotun ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005 ta ce hurumin jihohi ne. Ko ka yarda da su ko ba ka yarda ba, aƙalla can ana jayayya a fili kan wa ke da iko. Mu nan shiru kake ji.

Kuma kullum amsar hukuma ɗaya ce, wai kuɗin na shiga baitulmali ana ayyukan ci gaba da su. To a buga mana. Nawa ya shigo, nawa aka biya waɗanda suka ci, nawa ya tafi albashi da motoci, kamfani nawa aka ba izini kuma su waye masu su, kiyos nawa aka rufe saboda saida ma yara. A karanta a rediyo da Hausa tunda yanzu ita ce harshen ƙasa. Ƴan CCR ɗin da suka fito daga jihar nan, ku ne ke da kujera yanzu, ku nemi a kira ministan kuɗi ya zo da waɗannan takardun.