Rumfar ƙafa biyar ta Singafo

Duk wanda ya dawo daga Singafo, hoton dogayen benaye na gilashi yake nuna maka. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne jerin tsofaffin gidajen nan masu hawa biyu ko uku, kanti a ƙasa, ɗakunan kwana a sama, kowanne ya jingina da ɗan'uwansa, bango ɗaya tsakaninsu, tun daga bakin layi har ƙarshensa. An gina su tsakanin shekarun 1840 da 1960, kuma wajen 6,500 daga cikinsu yau doka ta hana a rushe. Wanda ya tarar da tsohon Kantin Kwari a Kano lokacin da Labanawa ke zaune a saman shagunansu, zai gane fasalin.

Fuskar gidan siririya ce, yawanci mita huɗu zuwa shida, amma idan ka shiga sai ka yi ta tafiya kamar ba za ka kai bayan gida ba. To gida mai tsawo haka, ba taga hagu ba taga dama, ta ina iska za ta shiga a garin da zufa ba ta yankewa? Magina suka bar wani ɗan fili a tsakiya ba rufi, kamar rijiya ta kalli sama. Haske ya sauko ta nan, zafi ya fita ta nan, ruwan sama ma ya zubo a tara. Tagogin katako ne masu tsaga-tsaga, ka rufe su iska na ratsawa. Wasu gidajen har da 'yar gajeriyar ƙofa a gaban babbar, a buɗe babbar da rana, mai wucewa bai ga cikin gida ba, iska kuwa ta samu hanya. Bangon da ke tsakanin gida da gida kuma ana ɗaga shi ya ɗara rufin, don in gobara ta tashi kada ta tsallaka wa maƙwabci.

Amma gwanintar duka tana ƙofar kanti. A 1822 Stamford Raffles, Baturen Ingila da ya kafa tashar ciniki a tsibirin a 1819, ya ba da umarnin kowane gida ya bar baranda a gabansa, a buɗe, ta haɗe da ta maƙwabci. Hawan sama ya turo gaba ya zama rufinta. Ita ce ake kira rumfar ƙafa biyar, don faɗinta wajen ƙafa biyar ne, a harshen Malay kaki lima. Ka yi tafiyar layi guda ana tsuga ruwa ba ka jiƙe ba, rana ba ta taɓa ka ba. Fili na mai gida ne, inuwar ta kowa ce. Wanzami, mai gyaran takalmi, mai rubuta wa mutane wasiƙa, mai sayar da abinci, duk nan suka kafa, har a 1888 da hukuma ta tashi korarsu sai da aka yi kwanaki ana tarzoma.

A 1989 hukumar tsara birnin ta ware unguwanni goma ta ce ba mai rushe su, ciki har da unguwar Sinawa, unguwar Indiyawa da Kampong Glam, unguwar Malay da Larabawa. Na yaba, kuma aikin gyaran ya yi kyau. Je ka titin Koon Seng ka ga fenti kala-kala da tayil mai furanni, sai ka rantse jiya aka gama.

Ga inda na rabu da masu yabon. Doka ta tsare bulo, ta tsare taga, ta tsare adon siminti, amma ba ta tsare wanda ke ciki ba. An janye dokar da ke ƙayyade kuɗin haya domin masu gida su samu kuɗin gyara, haya ta tashi, mai tsohuwar sana'a ya tattara. Yanzu gida ɗaya miliyoyin dala ne. Baƙon da zai sayi gidan zama a Singafo tun 2023 yana biyan ƙarin haraji kashi 60 cikin ɗari, amma in irin wannan ginin ne da aka rubuta shi na kasuwanci zalla, babu wannan ƙari. Sai attajiran waje suka mayar da su wurin ajiye dukiya. Ɗakin da yara ke kwana ya koma ofis, kantin ƙasa ya koma gidan shan kofi.

Kada wani ya ce ina kukan zamanin da ban zauna cikinsa ba. Na sani, a da ana yanka hawan sama ƙananan akurkai a cusa iyalai, bayi kuma na bokiti ne, ana kwashewa ta lungun baya, kuma sai 1987 aka daina wannan kwata-kwata. Wanda ya koma gidajen gwamnati masu famfo da lantarki bai yi asara ba. Amma tsakanin cunkoso da watsewa ai akwai tazara. Da an sa sharaɗin wasu hawan saman su ci gaba da zama gidan kwana, a rage wa tela da mai kayan yaji haya, da layin bai zama na masu ɗaukar hoto kaɗai ba.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne kusa da Masallacin Sultan, a Kampong Glam. Akwai wani siririn lungu, Haji Lane, da ya samo sunansa daga maniyyata. A da, daga tsibiran Indonesiya da Malesiya suke taruwa a gidajen unguwar, suna jiran jirgin ruwan Jidda. Gidajen suna nan daram. Na bi lungun bayan sallar magariba, an fito da kujeru har tsakiyar hanya, kiɗa na tashi, ana zuba giya.